Kalmar da Ba Ta Son Tsakani

A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, akwai wata kalma ta Turanci wadda malaman hakimai na ƙasar Kano suka sani kamar sunansu, ita ce "immediately". In takarda ta fito daga birni zuwa Ɗambatta ko Bichi da kalmar nan a ciki, malami ya kan fassara wa hakimi ita da "yanzu". To, fassarar nan ta gaza. "Yanzu" a bakin Bahaushe tana da faɗi. Mutum ya ce yanzu zai zo, ya tsaya ya yi la'asar, ya biya ya gai da surukinsa, ba kuwa wanda zai ce ya yi ƙarya.

Asalin kalmar daga Latin ne, harshen Rumawan da. Gaɓa biyu aka haɗa: ta farko ma'anarta "babu", ta biyu daga "medius" ta fito, watau tsakiya. Ashe nufinta shi ne kada kome ya shiga tsakanin umurni da aiki. "Nan take" ya fi kusa da ita. "Maza-maza" kuwa saurin ƙafa ne kurum.

Abin mamaki, kalmar da ba ta son tsakani sai ta bi ta bakin hakimi, da dagaci, da mai unguwa, kafin ta kai ga mai gida. In zancen gyaran hanya ne, da sauƙi. Amma in bushiya ce ta faɗa wa shanu, cutar nan da ba a tabbatar da ƙarewarta a duniya ba sai 2011, aka ce a tsare garke inda ya ke, kwana biyu a hanya ya isa garken ya sha ruwa tare da na maƙwabta.

Manomin arewacin Kano bai san kalmar ba, amma ya fi malamin aiki da ita. Can gona tana jikin gona, ƙasar rairayi ce, damina kuwa gajera. In ruwan shuka ya sauka da dare, daga sallar asuba sai gona, shi yana sara da sungumi, yara na bin sa da ƙwaryar irin gero, domin laima ba ta daɗewa a rairayi. Ko kokonsa sai dai a kai masa can.