Tsohuwar Bashe da Sabuwar Mota: Wace Ce ta Aikin Karkara?



Yau maganar mota zan yi muku. Ba motar shiga ta alhazan birni ba, ba kuma babbar kamyo ba. Ƙaramar motar kaya nake nufi, mai buɗaɗɗen baya, wadda muke ce ma bashe. Mutanen Nijeriya suna ce mata a-kori-kura. Ita ke shigowa ƙauyukanmu ranar kasuwa. Ita ke kwashe hatsi da wake da gujiya. Ita ke kawo gishiri da siminti da takin zamani. In naƙuda ta yi tsanani da dare, ƙofar mai ita ake bugawa.

Ni direba ne. Da karen mota na fara ina yaro, a tashar Maraɗi. Na tuƙa tsofaffi, na tuƙa sababbi na mutane. Shi ya sa samari masu dawowa daga ci-rani da ɗan kuɗi suke yawan tambayata wace za su saya. Shugabannin ƙungiyoyin manoma ma suna tambaya. Tambayar ba ta wasa ba ce. Kuɗin mota gumin shekaru ne. Wani shanunsa zai sayar, wani gonar gado. In motar ta kwanta, gidan duka ya kwanta.

Mu fara da tsohuwa. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 404 a 1960. Mu nan Fijo kat-san-kat muke ce mata. Bashenta ta fito a 1967. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, bashenta kuma a 1979. A 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Peugeot a Kaduna. Wannan ya sa kayan gyaran Fijo suka wadata a Kano da Katsina, suka riƙa shigo muna ta Jibiya da Ɗan Isa. Kowane makaniki na Maraɗi da Damagaram da Ƙonni a kanta ya koyi aiki.

Wanda bai taɓa buɗe gaban kat-san-kat ba, ga abin da zai gani. Inji ne ƙarami mai buji huɗu. Gefensa akwai fili, hannu na shiga ko'ina. Mai yana tasowa daga tanki, ya bi ta karbirato, ya gauraya da iska, buji ya ba shi wuta. Shi ke nan. In ta ƙi tashi, abu biyu za ka duba: mai na zuwa? Wuta na zuwa? In datti ya toshe karbirato, ka kwance shi, ka wanke, ka hura da baki, ka mayar. In buji ya yi baƙi, ka goge shi. In batir ya mutu, yaran gari su tura, ka saki ƙafa, ta kama. Na ga an ɗaure jarka bisa rufin mota, an ja tiyo zuwa karbirato, don famfon mai ya mutu cikin daji. Motar ta isa gida da kayanta. Na ga an shafa sabulu ga tankin da ya huje, ya riƙe har garaji.

Abin da nake so ku lura da shi ke nan. Ba ƙarfe ne kaɗai ya sa bashe ta daɗe ba. Sanin gyaranta yana hannunmu. Maƙerin ƙauye na iya miƙe mata ƙarfe. Mai walda na iya ɗinke mata gindi. Karen mota da ya yi shekara biyu yana sanin ciwonta daga kukan inji, kamar yadda makiyayi ke sanin saniyarsa daga tafiya. Maigidana na farko bai taɓa shiga lakwal ba, amma yakan kara sanda ga inji, ya sa kunne, ya faɗi abin da ya ci. In aka buɗe, haka ne.

To amma kada mu yabi ɗan kuturu don muna son shi. Tsohuwar bashe tana da nata aibu, kuma ba ƙarami ba ne. Ƙafafun baya kaɗai ke jan ta. In ta shiga rairayi mai zurfi, sai a sauka. A rage iskar taya, a yi haƙa, a shimfiɗa kara, fasinja su tura. Da damina kuwa, gulbi ko fadama na iya tsare ta kwana guda. Birkinta ba ya kama ta nan take in ta yi lodi. Fitilarta kamar aci-bal-bal. Tana shan isansi, tana shan baƙin mai, ranar zafi tana tafasa. Wanda ke tuƙa ta ba ya rabuwa da jarkar ruwa. Kuma in aka yi karo, babu abin da ke tare mutum sai ƙarfen sitiyari a ƙirji. Mun binne abokan aiki ta haka.

Sabuwar mota ta gyara wannan duka. Na tuƙa Hilux sabuwa shekara uku a wani furoje, don haka ba ji na yi ba. Ƙafa huɗu ke jan ta. Tudun rairayin da bashe ke kuka a kansa, ita ko tari ba ta yi. Mafi yawansu gazuwal suke sha, kuma kaɗan. Birki na kamawa. Akwai ɗamarar da ke riƙe mutum, akwai jakar iska da ke fitowa in an yi karo. Ka tashi Yamai da safe, ka yi kilomita fiye da 600, ka iso Maraɗi bayanka bai ƙage ba. In mai ciwo za a kai likita, wallahi ita nake so. Duk wanda ya ce muku sabuwar mota kwali ce, bai tuƙa ta ba.

Wahalarta a wani wuri take. Tun wajen 2005 injin Hilux ya sake. Yanzu kwamfuta ce a ciki ke auna man da inji zai sha. Akwai ƴan bututu huɗu masu fesa gazuwal cikin inji. Ramukan bakinsu sirara ne kamar gashi. Ku duba wannan: iskar da muke sa ma taya kilo 2 ce ko 3. Ƙarfin da ake tura gazuwal da shi cikin bututun nan ya wuce kilo 1,500. Abin da ke aiki da irin wannan ƙarfi ba ya son ƙura ko ƙwaya guda, ba ya son ɗigon ruwa. Mu kuwa ina muke shan mai? A birni akwai gidan mai. A ƙauye sai durom da jarka da kwalba, sai mazurari da tsumma. Tsohuwa tana haɗiye wannan mai, ta yi tari, ta wuce. Sabuwa in ta sha shi, wata rana sai ta kunna fitila a gaban direba, ta rage gudu da kanta, ko ta mutu.

In ta mutu, hura baki ba ya tashe ta. Na taɓa tarar da wata a hanyar Dakwaro, fara fes, ledar kujerunta ma ba a cire ba. Makanikai biyu na ƙauye sun buɗe gabanta suna kallo. Ba su ga inda za su sa hannu ba. Sai da aka kira wani yaro daga birni da na'urar da ake jona mata, ita ce ta faɗi ciwon. Kayan kuma babu su a kusa, sai an aiko. Kun san abin da ya ja ta zuwa gari? Wata tsohuwar sank-san-kat mai ɗaurin waya a ƙofa, da buhunan wake a bayanta. Mai sabuwar yana da wata motar a gida, bai rasa barci ba. Da a ce ta ƙungiyar manoma ce, da tumatir ko albasa a ciki, kwana biyar ɗin nan sun isa su cinye ribar shekara.

Yanzu mu yi lissafi, kowa ya ɗauko alƙalami. Bashe, tsohuwa ko sabuwa, abin da masu ƙera ta suka yarda ta ɗauka bai wuce kamar tan guda ba. Tan guda buhu 10 ne na kilo 100. Mu ɗauka ana biyan jikka guda kowane buhu. Lodi guda jikka 10 ke nan. Sabuwar Hilux daga kanti ta wuce miliyan 20 na sefa. Miliyan 20 jikka 20,000 ce. Sai ka yi lodi 2,000 kafin kuɗinka su dawo. Ba a cire mai ba, ba a cire taya ba, ba a cire direba da takardu ba. In kana cin kasuwa huɗu a mako, lodi 2,000 kusan shekara 10 ne. Buhu bai san motar da ya hau ba. Kuɗin da zai biya cikin sabuwa shi zai biya cikin tsohuwa.

Ga wani abu kuma da samari ba su dubawa. Sababbin da aka fi kawowa masu ƙofa huɗu ne. An ba mutane wuri, an rage ma kaya. Bayanta kamar mita ɗaya da rabi ne. Na tsohuwar bashe ya kai kamar mita biyu, kuma yana ƙasa-ƙasa, mai dako ba ya wahalar ɗora buhu. Sa guda ma yana shiga. Mai ƙofa huɗu motar ma'aikata ce da ƴan kaya kaɗan.

Da na tsaya nan, sai ku ce in kun samu kat-san-kat ku saya. A'a. Zamaninta yana ƙarewa. An daɗe da daina ƙera bashenta a Faransa. Ta ƙarshe a Kenya aka harhaɗa ta, a 1991. Wadda ta fi ƙuruciya cikinsu ta wuce shekara 30. Ita ma 504 an daɗe da daina ta. Kayan gyara na asali sun yi wuya. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, kayan Faransa suka ninka kuɗi, mutane suka koma ma na kwaikwayo. Yau ka sa sabon abu, wata biyu ya ci. Ana yanka mota uku a tada guda. Tsofaffin makanikan ma suna tafiya, yaransu kuma babur suka koya. Sa'an nan ga isansi. Da can man ƴan ruwa-ruwa mai arha shi ya riƙe Fijo. A 2023 Nijeriya ta cire tallafin mai, arhar nan ta tafi. Ƙaramin jigila na kusa kuwa babur mai ƙafa uku ya fara ƙwace shi.

Ni a ganina, motar aikin karkara a yau ita ce ta tsakiya. Ina nufin Hilux mai ƙofa biyu, mai gazuwal, irin wadda aka ƙera daga 1988 zuwa 1997 da kaɗan bayan haka. Babu kwamfuta a injinta. Akwai mai jan ƙafa huɗu a cikinsu. Makanikanmu sun san ta, kayanta na samuwa. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, wadda aka fara ƙerawa a 1984, ta fi ta ƙarfi, amma kuɗinta ba na talaka ba ne. Su ma waɗannan sun yi daraja. Tun da aka ga zinariya a Jado a 2014, da yawa suka nufi arewa, kuma waɗanda suka dawo sun dawo a gajiye. A 2023 aka rufe iyakarmu da Benin, motocin hannu da ke zuwa ta Kwatano suka riƙa zagayowa ta Lome, tsada ta ƙaru.

In za ku saya, kada fenti ya ruɗe ku. Ku je da makanikinku, ba na mai sayarwa ba. Ku je da sassafe, kafin a tada injin, don inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwo. Ku dubi hayaƙi. In shuɗi ne, tana cin baƙin mai. In fari ne kuma bai daina ba bayan ta yi zafi, wataƙila ruwa ke shiga inji. Ku kwanta ƙarƙashinta ku dubi ƙashin bayanta, wato dogayen ƙarafan nan biyu da komi ke zaune a kansu. In an yi musu walda a tsakiya, ku bar ta, ko da kyauta ce. Inji ana sake shi, wannan kuwa in ya karye da lodi, rai ne. Ku sa wanda ya iya karatu ya gwada lambar da ke jikin ƙarfen da wadda ke cikin takardu, harafi da harafi. In sun saɓa, jandarma za su karɓe ta a shingen farko.

Kada kuma ku zuba kuɗinku duka cikin saye. In kuna da kashi huɗu, uku na mota, ɗaya na ajiya. Tsohuwar mota takan nemi taya da batir cikin watannin farko, kuma ba ta jiran kaka. Ƙungiyar da ta saya ta sami littafi guda, a riƙa rubuta abin da motar ta shigo da shi da abin da ta ci, kowace rana. Mutum ɗaya ya riƙa tuƙa ta. A tace mai kafin a zuba, a kakkaɓe matatar iska kowane mako lokacin hunturu.

Saura maganar lodi, kuma da ƴan'uwana direbobi nake. Motar buhu 10 muna ɗora mata 20, mu ɗora mutane bisa buhu, mu rataya awaki a gefe. Muna ƙara ma ƙarafan baya ganye biyu ko uku don kada ta zauna. Ƙarafan sun ƙaru, amma birki shi ne na jiya, taya ita ce ta jiya. Ranar da tayar baya ta fashe a gangara, na bisa buhu su ke fara zuba. Fasinja, in kun ga gindin mota ya kusa taɓa ƙasa, ku jira ta baya, ko da za ku iske kasuwa ta fara watsewa.