Dumega: yaro na hannun manya

Wanda ya taso daga Dogon Dutsi ya nufi kudu, in ya wuce Tibiri zai iske Dumega. Garin yana cikin Dallol Mawri, ƙasar Arewa, jihar Doso. Tun shekarar 2011 yana ƙarƙashin gundumar Tibiri. Iyakar Najeriya tana gabas, ba nisa.

Ƙasa ce ta albarka. A cikin kwari ruwa yana kusa. Ana noma hatsi da wake da gujiya a tudu, rogo da rake a fadama. Fulani makiyaya suna shayar da shanu a rijiyoyin dallol.

A al'adar wannan ƙasa, yaro ba ya girma shi kaɗai. Yana bin ubansa gandu. Kakansa yana koya mishi riƙon hauya. In an kira gayya, sarkin samari ne ke tsara aiki, shi ke tsawata wa ƙanana. A zamanin Shugaba Seyni Kunce, bayan 1974, an farfaɗo da samariya a ƙauyukan Nijar bisa wannan tushe. Yau samariyar gwamnati ta wuce, amma yara suna nan, suna bukatar mai ja musu kunne.

Haɗarin yanzu shi ne ƙwaya. Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi. Likita yana ba da mai lamba 50 ko 100. Na ƴan fasa-ƙwauri yana kai 200 ko 225. Yawancinsa daga Indiya yake fitowa, ya sauka bakin teku, ya bi hanyoyin iyaka har kasuwannin ƙauye. Ana ruɗin yaro cewa yana kashe gajiyar noma da ta kiwo. Da farko jiki ya yi sauƙi. Daga baya yaro ba ya iya aiki sai ya sha. Ya daina cin tuwo, ya rame, wani ya riƙa faɗuwa kamar mai farfaɗiya.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne rani, sa'ad da magidanta suka tafi cin rani. Ɗan shekara 12 ya rasa mai tambayar inda ya wuni. Nan aikin tsofaffi yake. Kaka ya zaunar da jika wajen tukkar igiya. Kawu ya tafi da shi lambu. Tsohon ɗan kokowa ya tara yara a dandali. Su ji labarin Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobin ƙasa sau da yawa, su san ƙarfi daga tuwo da horo yake zuwa.

Wanda ya riga ya saba da ƙwaya, duka ba ya raba shi da ita. A kai shi likita.

Jama'ar Dumega, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk mai shirin tafiya cin rani bana, ya danƙa ɗansa hannun babba kafin ya kama hanya.