Tsakaninmu, Tauraron Ba Shi da Laifi

To jama'a, tunda yau babu mai ba da kwangila a cikinmu, babu kuma kwastoma, ku matso mu yi maganar GPS ɗin nan ba kwana-kwana. Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar da ke neman inda mutum yake ya san saƙon nan mai shigowa da tsakar dare: "Oga, abin naku fa ba ya nuna inda nake." Amsarmu kullum ɗaya ce, matsalar tauraro ce, ko kuma sabis ne ya yi ƙasa. Kwastoma ya haƙura, mu kuma mu koma barci. Amma mu da muke nan mun san ba a nan gizo ke saƙar ba. Da wuya ka bi diddigin ƙorafi ka tarar tauraron ɗan'adam ne ya yi laifi. Waya tana faɗin iya abin da ta sani, mu ne ba ma sauraronta har ta kai aya.

Duk sanda Android ya miƙo maka wuri, ba lambobi biyu kaɗai yake ba ka ba. Yana haɗo maka da lokacin da aka yi awon, da girman da'irar kuskure da mita, wani sa'in har da gudu da alkibla. Mu kuwa sai mu wawuri latitud da lonjitud, mu buga ɗigo a taswira, sauran mu watsar. Rabin wahalarmu daga nan take tasowa.

Ku ɗauki lokaci tukuna. Hanya mafi sauƙi, wadda duk sabon shiga ke fara koya, ita ce ka nemi wuri na ƙarshe da waya ta sani. Nan take amsa ke zuwa, ba cin batir, kowa ya ji daɗi. Sai dai tamkar ka tambayi maƙwabci ina maigidan, ya ce maka ai ya gan shi a masallaci, bai kuma ce da Asuba ya gan shi ba, alhali yanzu La'asar ta yi. Mai kai saƙo yana Zoo Road, manhaja na rantsuwa yana Kurna, domin can ne wata manhaja ta nemi wurinsa da safe. Idan kuma ba a daɗe da kunna wayar ba, ko an kashe neman wuri an sake kunnawa, amsar na iya dawowa fanko. Don haka kafin ka yarda da kowane wuri, duba tsufansa. Kada kuma ka auna da agogon fuskar waya, wanda mai ita kan murɗa yadda ya so. Akwai agogon da ke ƙirga tun daga kunna wayar, shi ne abin dogaro.

Malama, na ga kin ɗaga gira. Kina so ki ce to ai sai a nemi sabon wuri kawai. Haka ne, amma ki ba shi lokaci. Taurarin GPS suna shawagi ne a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma waya na bukatar jin aƙalla huɗu kafin ta san inda take. Lissafin duka na lokaci ne: kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya kai mita 300 a ƙasa. Kafin ta fara lissafin ma sai ta san inda kowane tauraro yake a sama, shi kuwa tauraro yana aiko wannan bayani ne a hankali ƙwarai, bit 50 a daƙiƙa. Bayanin hanyar tauraro guda yana cin kusan daƙiƙa 30, cikakken jadawalin dukkansu kuwa minti 12 da rabi. Abin da ya sa ba ma jin wannan jira shi ne wayoyin zamani suna sauko da bayanin ta intanet. To ku tuna da mutanenmu. Data ta ƙare tun jiya, ko an shiga ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. GPS zai yi aiki ba data, wannan gaskiya ne, amma kamun farko zai ja lokaci. Mu kuma mun rubuta cewa in daƙiƙa goma ta wuce a nuna "an kasa samun wuri". Wayar na gab da kamawa muka katse ta.

Yanzu ga wadda ta fi ci mini rai, da'irar kuskure. Idan waya ta ce kuskurenta mita 20 ne, ba alkawari ta yi ba. A ƙa'idar Android, ma'anarsa akwai yiwuwar kashi 68 cikin ɗari cewa kana cikin wannan da'ira. Wato kusan awo ɗaya cikin uku zai faɗa waje, kuma ba lalacewa ba ce, haka abin yake. Sai ka ga an yi manhajar ɗaukar sunan ma'aikata, an zana shingen mita 20 a kewayen makaranta, an ce duk wanda ɗigonsa bai shiga ba bai zo aiki ba. Malami yana tsaye a cikin aji, alli a hannu, rufin kwano a kansa ya tare siginar, ɗigonsa yana can bayan katanga cikin gonar wani. Ƙarshen wata a yanke masa albashi. Wallahi wannan zalunci ne da aka rubuta da kwamfuta, kuma hannun irinmu ne ya rubuta. In da'irar ta fi shingen girma, amsar gaskiya ita ce "ban tabbata ba, fito fili ka sake gwadawa", ba "ba ka zo ba".

Shi kwanon nan ku riƙe shi da kyau, domin siginar da ta taho daga wannan nisa tana isowa a raunane. Siminti da ƙarfe suna tare ta. A tsakanin benaye kuwa, irin layukan Kantin Kwari, takan bugi bango ta dawo, waya ta karɓi wadda ta yi zagaye ta ɗauka ita ce ta kai tsaye, sai ɗigo ya tsallaka layi biyu. In GPS ya gagara, tsarin Google na haɗa bayanai yakan koma ga Wi-Fi da ƙarfen sabis ba tare da ya yi maka sallama ba. A cikin gari wannan na iya rufa asiri. A karkara, inda ƙarfe ɗaya ke ɗauke da ƙauyuka da dama, da'irar kan kai kilomitoci. Akwai ma wata mai ban dariya: 'yar MiFi ɗin nan da muke yawo da ita a aljihu. Idan rumbun bayanai ya riga ya san ta a wani gida a Abuja, aka taho da ita Kano, waya a cikin ɗaki na iya cewa kana Abuja har sai an gyara bayanin.

Wani ƙanenmu da ke yi wa masu babur manhajar kai kaya ya nuna mini wani abu kwanakin baya. Direba ya faka a gindin rumfar kwano yana cin abinci, waya a aljihun wando, babur a kashe. A taswira kuwa ɗigonsa sai rawa yake, mita goma nan, goma sha biyar can, ya zana wani abu kamar saƙar gizo-gizo. Manhaja tana tara duk waɗannan tsalle-tsallen a matsayin tafiya, har ta caji kwastoma kuɗin hanyar da ba a bi ba. Gyaran bai fi layi kaɗan ba: in motsin bai wuce da'irar kuskure ba, kada a ƙirga shi, in ɗigo ya yi tsallen da sai jirgin sama zai iya, a ajiye shi gefe. Na dai ce masa ya ajiye, kada ya goge, don ranar bincike.

Batun izini kuwa ba zan ja shi ba, kun san shi, sai dai yakan shige mana duhu saboda kusan kowace shekara da sabon sharaɗi. Tun Android 6 a 2015 ake tambayar mai waya izini a lokacin amfani. Android 8 ya taƙaita manhajar da ke bayan fage zuwa samun wuri sau kaɗan a awa. Android 10 a 2019 ya raba izinin "lokacin da ake amfani" da na "koyaushe", Android 11 ya kawo na sau ɗaya tak, sannan Android 12 a 2021 ya ba mutum zaɓi tsakanin ainihin wuri da na kintace, abin da iPhone ta riga ta kawo a iOS 14. Wanda ya danna kintace, duk ƙwarewarka ba za ka samu abin da ya fi unguwa ba. Manhajarka ta gane hakan, ta faɗa masa da Hausar da zai fahimta.

Wanda ba a rubuta a littafi ba shi ne mai tsimin batir. Yawancin wayoyin da ke hannun jama'armu masu sauƙin kuɗi ne, kuma masu ƙera su suna gasa ne a kan daɗewar caji. Da an kashe fuska an jefa a aljihu, sai tsarin wayar ya shaƙe manhajarka. Alamarsa ba ta ɓuya: a taswira za ka ga sawu yana bin titi tiryan-tiryan, sai kwatsam miƙaƙƙen layi ya ratsa ta kan gidaje da kududdufi ya haɗe da wani wuri mai nisa. Direban bai yi fiffike ba, manhajar ce aka kwantar. Dole ka gudanar da bin sawun a matsayin aikin gaba mai sanarwa a saman fuska, sannan ka bi mai waya da lallami ya cire manhajarka daga jerin tsimi. Kowane kamfani kuma da inda ya ɓoye wannan saitin.

Yaya, kai da ka fi mu daɗewa a harkar, ka san akwai waɗanda ba ruwan waya sam, aikin hannunmu ne. In ka ga ɗigo a tsakiyar teku kudu da Ghana, a Mashigin Gini, kada ka nemi kowa. Nan ne sifili da sifili suke haɗuwa; wuri bai samu ba, manhaja ta tura 0 da 0. Wannan mai sauƙi ne, tunda kowa ya san kwastoma ba ya cikin ruwa. Mai haɗarin shi ne juya lambobi. Google Maps yana fara da latitud, tsarin GeoJSON kuwa yana fara da lonjitud. Kano tana wajen 12.0 arewa, 8.5 gabas. Juya su, sai ka sauka a wajajen Ganye ta jihar Adamawa. Kun ga matsalar: har yanzu kana cikin Najeriya, a kan tudu, kusa da gari. Duk wani shinge da ka sa na "in ya fita ƙasar a ƙi karɓa" zai bar shi ya wuce salin-alin.

Masu aiki da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma ku kula da waƙafi. Wayar da aka saita da Faransanci tana rubuta 13,5 ne a inda muke rubuta 13.5. In ka bar manhaja ta mayar da lamba rubutu bisa harshen waya, sannan ka tura wa saba, lambobi biyu sun zama huɗu. Haka mai yanke lambobin bayan ɗigo don bayanai su yi kyau: digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, saboda haka lamba biyu bayan ɗigo ta bar ka da kuskuren kilomita guda, biyar ce ke kawo ka kusan mita ɗaya.

To ko akwai ranar da sama ce da laifi? Akwai, kuma mu muna cikin waɗanda abin ya fi shafa. A yankunan da ke kusa da tsakiyar duniya, can saman sararin samaniya yakan rikice bayan faɗuwar rana, ya sa sigina ta riƙa rawa, musamman a shekarun da rana ke tsananin aiki. Wayoyi masu kama zango biyu, L1 da L5, waɗanda Xiaomi Mi 8 ta buɗe wa hanya a 2018, sun fi iya rage kuskuren da sama da bangaye ke jawowa, ga kuma taurarin Galileo na Turai, GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin suna ƙara yawan abin da waya ke ji. Amma don Allah kada wannan ya zama sabon uzuri. Sai ka kawar da duk na baya kafin ka ɗaga kai sama.

Masu wurin bogi ma suna nan, direban da ke kwance a gida ɗigonsa na layin filin jirgi. Android yana sa alama a kan wurin da manhajar bogi ta ƙirƙira, duba ta kawai, ko da yake gwanaye sun san hanyar kauce mata.

Ni dai yanzu duk wanda ya kawo mini ƙorafi, abu na farko da nake cewa shi ne ya nuna mini rajista: kowane awo da lokacinsa, da'irarsa, irin izinin da aka bayar, samfurin waya, ko fuska na kunne, da yawan taurarin da aka yi amfani da su. In babu wannan, duba kawai ake yi. Sai dai rajistar nan amana ce, domin sawun mutum na mako guda ya isa ya nuna gidansa, wurin aikinsa da asibitin da yake zuwa, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023 a kanmu. A cire suna, a goge in bincike ya ƙare.

Gwajin cikin ofis kuma, da wayar kwaikwayo ta kwamfuta da Wi-Fi mai ƙarfi, mu daina yaudarar kanmu da shi. Ranar Asabar kowa ya zo da waya mafi araha a gidansu, ko ta Inna ce a aro. Za mu kashe data, mu kashe fuska, mu sa a aljihu, mu shiga Adaidaita Sahu daga Ƙofar Mata mu ratsa Kwari da ƙafa, mu ɓulla lungunan cikin gari. Malama, ke za ki riƙe takarda kina rubuta lokacin da muka isa kowace kwana, don mu samu abin da za mu gwada rajistar da shi.