Gurbin Yekini

Kawuna, ƙanin Inna, yaron wani attajirin fata ne a Kano. A farkon daminar 1994 maigidansa ya tafi da shi Italiya, kuma da ya dawo ya zo Kaduna gaishe mu da tsaraba. Inna ta samu takalmi, Baba ya samu agogo. Ni kuwa ya miƙo mini wani littafi mai sheƙi da wasu ƙananan fakiti goma sha biyu da aka ɗaure da roba, ya ce, "Ungo, ɗan ƙwallo. Yaran can duk abin da suke yi ke nan."

Shekarata goma sha ɗaya. Na kai littafin hanci kafin in buɗe shi, ƙanshin sabuwar takarda ya gauraya da warin fatar jakar Kawu. Ciki babu komai sai layuka na gurabe, kowanne da lamba, ƙasa bayan ƙasa har ashirin da huɗu da za su buga gasar cin kofin duniya a Amurka. Da na kai shafin Najeriya sai na ji tsigar jikina ta tashi. Wannan ne karon farko da muka samu zuwa gasar, ga shi watanni biyu kacal da muka doke Zambiya da ci biyu da ɗaya a Tunisiya muka ɗauko kofin Afirka. Sai ga sunayen 'yan wasanmu Turawa sun buga, sun bar musu wuri daidai da na Jamus da Brazil.

Sai da na girma na san cewa Panini sunan wasu 'yan'uwa ne a garin Modena, waɗanda suka fara sayar da hotunan 'yan ƙwallon Italiya a 1961, suka fitar da kundin kofin duniya na farko a gasar Meziko ta 1970. Kuma sai daga baya na gane yadda aka shirya abin. Ba ka ganin abin da ke cikin fakiti sai ka yaga. Wani ɗan wasan zai fito maka sau uku, wani ba zai taɓa fitowa ba, don haka dole ka nemi wani yaron ku yi musaya. Kundin nan an yi shi ne don garin da kowane kanti ke sayar da fakitin, kowane yaro ke da nasa. A duk Tudun Wada kuwa ni kaɗai ne. Tun ranar da Kawu ya miƙo mini shi babu hanyar da zai cika, amma ni ban san haka ba.

Gidan haya muke, ɗakuna a jere, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ƙofarmu na kallon ƙofar wasu Kiristoci, kuma ɗansu na fari tsarana ne, tare muke tafiya makaranta, tare muke yanko hotunan 'yan ƙwallo daga tsofaffin jaridun mai ƙosai mu liƙa a littafin rubutu da ƙaro. Yana tsaye a kaina ina yaga fakitin. Inna ta ɗago daga tankaɗe ta ce, "Ba ka da kunya? Ba ɗan'uwanka ɗaya mana." Na zaɓi wanda gefensa ya ɗan lanƙwashe na ba shi.

Nawa goma sha ɗaya sun ba ni Maradona, da Romario, da wani tambari mai walƙiya kamar azurfa, da Roberto Baggio har biyu. Nasa guda ɗaya tak, da ya yaga, fuskar Rashidi Yekini ce ta fara zamewa ƙasa kan siminti.

Wanda bai tashi a Kaduna ba ba zai gane nauyin abin ba. Yekini namu ne. A Kaduna aka haife shi, a ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kakuri ya fara, kafin Ibadan da Abijan da Setubal ta Fotugal, kafin a zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1993. Kuma mahaifin abokina a masaƙar nan yake aiki. Kullum ya dawo da ƙurar auduga a gashinsa sai ya ba mu labarin yadda ya sha tsayawa bakin fili yana kallon wani dogon saurayi yana narka ƙwallo har raga ta girgiza. Da ɗansa ya kai masa sitikar, ya goge hannunsa a wando kafin ya karɓa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya soke ta a kusurwar firam ɗin hoton aurensu da ke saman talabijin.

Na yi tayi. Na ce ga Maradona. Na ce ga Maradona da Romario da tambarin azurfa. Abokina ya ce, "Ba tawa ba ce kuma, ta Baba ce." Kwana uku ban yi masa magana ba.

Amma talabijin ɗaya ce a gidan, kuma tasu ce. Daren wasan Bulgeriya, bayan sha biyu, muka cika ɗakin maƙil, manya a kujera, mu a ƙasa, mata a bakin ƙofa. Finidi ya turo ƙwallo, Yekini ya tura ta ciki, ya bi ta ya kama raga da hannu biyu yana girgizawa yana kuka. Ihun da aka yi a Tudun Wada a daren nan ban sake jin irinsa ba. Mahaifin abokina ya fizgo sitikar daga firam ya ɗaga sama yana tsalle, Babana da ba ya ko dariya a gabanmu ya rungume shi. Kowa na kallon talabijin. Ni ina kallon hannun da ke riƙe da sitikar.

Ranar 5 ga Yuli muka haɗu da Italiya. Amuneke ya ci tun kafin hutun rabin lokaci, aka kori Zola na Italiya, saura minti biyu a tashi manya har sun fara lissafin wanda za mu gamu da shi a gaba. Sai Baggio. Sannan fenareti a ƙarin lokaci, Baggio kuma. Ɗakin ya yi tsit kamar gidan makoki. Ɗaya bayan ɗaya suka fita tsakar gida suna musu a kan kocinmu Westerhof, abokina ya kifa kansa a gwiwa a bakin rijiya. Na waiga, babu kowa. Na miƙa hannu.

Ban shirya ba, ko kuwa na shirya tun makonni biyu da suka wuce ban faɗa wa kaina ba. Na cusa ta cikin rigata, ta manne da gumin cikina, zuciyata na bugawa har cikin kunne. Da Mama, mahaifiyarsa, ta ce mini "Sai da safe, ɗana," na kasa amsawa. Ta ɗauka baƙin cikin wasa ne, ta shafa kaina.

Washegari na ji ana jan kujeru, ana kaɗe tabarma. Sannan na ji kukan ƙanwarsa, 'yar shekara biyar, wadda aka san ta da taɓe-taɓe. Bangon da ke tsakaninmu ba kauri gare shi ba. Na ji kowane duka, na ji tana cewa ba ita ba ce. A hanyar makaranta abokina ya tambaye ni ko na gani. Na ce wallahi ban gani ba. Na san hukuncin rantsuwar ƙarya, an koya mana a Islamiyya, kuma dare da yawa na kwanta ina jiran abin da zai same ni.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne, ba zan iya liƙa ta ba. Duk wanda ya buɗe shafin Najeriya zai gani. Na saka ta a tsohon gwangwanin madara na tura ƙarƙashin gadon Inna, gurbin kuma ya zauna fayau. Bayan mako guda abokina ya shigo da wani hoton Yekini da ya yanko daga jarida, ya rage gefensa da reza daidai da gurbin. Ya ce, "Tunda dukkanmu mun rasa, bari mu sa wannan." Shi ya jiƙa ƙaron, shi ya liƙa, ya danne da tafin hannu. Ina zaune ina kallonsa.

Mun ci gaba da abota. Tare muka kalli gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, muna alfahari da Amokachi da Babangida da Garba Lawal da Babayaro, duk 'yan garinmu. Sau da yawa na ɗauko gwangwanin da niyyar in kai, sai in ce gobe.

A Fabrairun 2000 rikici ya ɓarke, gari ya kama da wuta. Abokina da 'yan ɗakinsu suka kwana biyu a ɗakin Inna, an rufe taga da bargo, ƙanwar nan tasa tana maƙale da ni duk lokacin da aka ji harbi. Da asubar rana ta uku Baba da wasu dattawa biyu suka raka su barikin soja. Abokina na ɗauke da jaka a ka, ya miƙo mini hannu a zaure. Wallahi sitikar ta faɗo mini a rai. Sai na ji kunyar in tuna ɗan guntun takarda alhali hayaƙi ya rufe unguwa, na yi shiru. Daga baya muka ji sun koma ƙetaren kogi, kamar dubban da suka bar unguwanninmu, kamar yadda dubbai daga can suka dawo namu. Ban sake ganinsa ba.

Ranar da aka ce Yekini ya rasu a Ibadan, 4 ga Mayun 2012, na bar wurin aiki na je gida na zazzage akwati. Hoton jaridar ya yi ja, ƙaron ya dare, amma yana nan a gurbinsa. Sitikar kuwa kamar jiya aka buga ta, ko takardar bayanta ba a ɓare ba. Wani mai tara irin waɗannan kayan ya taɓa gaya mini cewa wadda ba a ɓare ba ta fi daraja a wurinsu, ya ce in faɗi kuɗi. Na ce masa ba tawa ba ce.

Na je Kakuri sau biyu ina tambaya. Masaƙun sun mutu, ma'aikatan sun watse, waɗanda suka rage ba su tuna mahaifinsa ba. Na nemi sunansa a Facebook, masu irin sunan sun fi a ƙirga.

Idan wannan rubutu ya iske ka, kai da muka zauna a gida mai rijiya ɗaya a Tudun Wada, ni ne na ɗauka, a daren wasan Italiya. Ƙanwarka ba ta taɓa ba. Ka gaya mata ina neman gafararta kafin taka. Sitikar Babanka tana nan a bayan shafin ƙarshe na kundin, ka zo ka karɓa, ko ka aiko mini da inda zan kawo.