Allah Ba Na Ran Lahadi Kaɗai Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista waɗanda aiki ya kai su garuruwan da masu bi ba su da yawa. Ni akawu ne a Daura, a makarantar mishan na yi karatu, na kuwa san yadda kewa kan kama mutum har ya zaci Allah ya yi nisa da shi.

Kowa a nan ya san labarin rijiyar Kusugu. An ce a zamanin Daurama maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a, har Bayajida ya zo ya kashe shi. To, waɗansu haka suka mai da ibada: su ɗebo ran Lahadi, sauran kwana shida su zauna da ƙishi, alhali kuwa ba macijin da ya tare musu hanya.

Ga inda ni ke samun natsuwa. Na fari, Littafi Mai Tsarki. Likita Miller ya zauna a Zariya tun 1905, shi da mataimakansa suka yi shekaru suna fassara, har aka buga Littafin duka da Hausa a 1932. Saboda wahalarsu, da asuba ina karanta Zabura da harshen da uwata ta yi mini reno da shi.

Na biyu, teburin aiki. Wata rana wani ya zo da kuɗi a hannu don in canja lissafi a takarda, ga wata ya yi nisa, ga yarona ba lafiya. Na yi addu'a a zuci, na ce masa a'a. Ba wata mu'ujiza da ta sauko, aljihu kuma bai cika ba, amma daren nan na yi barci ba fargaba. Ni a wurina wannan ma amsa ce.

Na uku, maƙwabta. A jinyar nan maƙwabcina Musulmi ne ya fara sallama a ƙofata da asuba, matarsa ta aiko da kunu, ya ce Allah ya ba da sauƙi, na ce amin. Wanda ya aiko shi na san shi.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, kada ka kulle kanka a ɗaki kana ƙirga kwanaki har Lahadi. Ka buɗe Littafinka kowace safiya, ka riƙe amanar aikinka, ka gai da maƙwabcinka, ka je masa suna da ta'aziyya. A nan za ka tarar Ubangiji yana tare da kai.

Haza wasalamu.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Daura.