Abin Da Ya Hana Yayana Zuwa Gida

Mu mutanen tudu ne, ruwan da muka sani bai wuce rafin bayan gari ba. Amma yayana da ya koyi walda sai neman aiki ya kai shi Fatakwal, har ya zama mai nutso a rijiyoyin mai na cikin teku. Aikinsu gyaran bututu ne da walda a ƙarƙashin ruwa, cikin duhu da sanyi.

Ina aji uku ciwon Baba ya tsananta. Muka aika wa Yaya, aka amsa mana daga jirginsu cewa ba zai iya fitowa ba sai bayan kwana huɗu. Baba ya rasu a rana ta biyu. Wajen jana'iza na ji ana cewa kuɗin mai ya sa yaron ya manta da gida. Gaskiya ni ma haka na ɗauka, da ya iso kuwa na ƙi gaishe shi.

Da dare ya kira ni, ya girgiza kwalbar lemo ya buɗe, kumfa ta yi tsiri. Ya ce, "Ƙanena, da an buɗe mini ƙofa ran nan, haka jinina zai yi."

Ashe duk mita 10 da mutum ya nutsa, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da muke ciki a tudu. A mita 100 ya zama ninki 11, iskar da yake shaƙa sai ta narke cikin jininsa. Saboda haka masu nutso mai zurfi suna zama a wani ɗakin ƙarfe a rufe cikin jirgi har kusan kwana 28, matsinsa daidai da na ƙasan teku. Daga nan ake saukar da su aiki a dawo da su. In za su fita, ana rage matsin kaɗan kaɗan, wajen kwana ɗaya ga kowace mita 30. A 1983 irin wannan ɗaki ya buɗe farat ɗaya a Byford Dolphin, a Tekun Arewa, mutum biyar suka mutu.

A cikin ɗakin nan aka gaya masa rasuwar. Iskar hiliyom da suke shaƙa tana sa murya ta siranta kamar ta agwagwa, ya ce ko kukansa bai yi kama da kuka ba.

Washegari ni na raka shi kabarin Baba.