Abin Da Mararraba Ta Koya Mini

Ya 'yan'uwana 'yan makaranta da malamanmu, ina so in ba ku labarin wata wauta da na yi cikin hutun da ya wuce. Ko da ya ke abin kunya ne gare ni, na ga ya fi kyau in faɗa, don an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Garinmu Shagari, yana bisa babbar hanyar da ta fito daga Sakkwato ta ratsa Bodinga, ta bi ta Tambuwal ta nufi Jega. Dare da rana manyan motoci ba su yankewa a kanta. Ran nan da hantsi na ari babur ɗin wana, na goya ƙanena, za mu Bodinga gai da Kawu. Da muka iso inda zan bar kwalta in karya hagu, ban dubi madubi ba, ban sa sigina ba. Na hango wata babbar mota tafe daga wajen Sakkwato, na ce a raina ai da sauranta, na murɗa. Kafin in kai tsakiya sai ga ta a kanmu. Direba ya taka birki har ƙasa ta yi ƙara, ni kuwa na ruɗe, muka zube gefen hanya. Ni na tashi da ƙujewa kawai, amma yaron nan hannunsa ya karye.

Kawu tsohon direba ne, tun ana bin hannun hagu ya ke tuƙi. Da aka ɗaure hannun yaro, hankali ya kwanta, ya kira ni zaure. Na ce, "Kawu, tsautsayi ne." Ya ce, "Kai ɗan nan, kada ka ɗora wa tsautsayi laifinka. Hanyar wa ka shiga?" Na rasa ta cewa, na sunkuyar da kai.

Sa'an nan ya shiga yi mini karatu. Ya ce ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar hannun hagu ta koma dama, don ta yi daidai da maƙwabta irin su Nijar. Tun daga ran nan juyawa hagu ita ce mai hatsari, domin mai yinta sai ya ƙetare gaban masu tahowa. Saboda haka mai son karyawa hagu ya fara duban madubi, ya sa sigina tun da nisa, ya rage gudu, ya matso kusa da tsakiyar hanya, ya tsaya ƙafafun motarsa na miƙe, don ko an buge shi ta baya kada a tura shi bakin masu tahowa. Ba ya motsawa sai hanya ta yi sarari sosai. Mai karyawa dama kuwa ya raɓi gefen dama, ya lura ko akwai mai babur ko mai keke tsakaninsa da bakin hanya. Wanda ya fito daga ƙaramar hanya shi ke jiran na bisa babba. In ya ga jan allo mai kusurwa takwas, lalle ne ya tsaya cik, ko da bai ga kowa ba.

Ya ce a shataletale, irin waɗanda ke cikin Sakkwato, wanda ya riga ya shiga shi ke da hanya. Mai shigowa ya dubi hagunsa, ya jira, kana ya shiga ya bi ta dama, in zai fita ya sa siginar dama. Daga baya na karanta cewa a Ingila ma sai 1966 aka mai da wannan ya zama doka a ƙasar duka, domin kafin nan masu kutsowa kan cushe da'irar har kowa ya kasa fita.

Da na komo makaranta na zauna na yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 cikin sa'a tana cin mita 22 da 'yan kai cikin daƙiƙa guda. Watau in na hango ta a nisan mita ɗari, ba ta cika daƙiƙa biyar za ta iso ni, ga kuma nauyin kaya da ba ya barinta ta tsaya nan take. Ashe idona ne ya ruɗe ni, da na tsaya na ƙirga biyar da yaron nan bai sha wahala ba.

Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, amma ma'aikatanta ba su iya tsayawa a kowace mararraba daga Bodinga har Shagari. Mu da ake koya wa aikin malanta, gobe ƙauyukan nan za a kai mu, inda makaranta ke bakin kwalta, yara kuwa tun ba su tafasa ba su ke hawan babur. Kadan muka zana mararraba da shataletale a filin wasa, muka sa yara su zama motoci, wannan ya jira wancan, ina tsammani ba za su manta ba har su girma. Na gwada da yaran unguwarmu kafin hutu ya ƙare, ƙanena da ɗaurarren hannunsa shi ne mai ba da hannu.

Har yanzu in na tuna kukansa, da yadda Inna ta dube ni ba ta ce kome ba, sai jikina ya yi sanyi. Don haka ina roƙonku, wanda duk ya iso mararraba cikinku ya sassauta, ya ba mai hanya hanyarsa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya kai mu gidajenmu lafiya, amin.